Gidaje Masu Sauƙin Kuɗi a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kuɗin Ƙaramar Hukuma da Sa Ido a Kan Aiki

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin za a gina rukunin gidaje a gefen gari, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa daga bakin ma'aikata, 'yan haya, masu gonaki da shugabannin ƙungiyoyin unguwa. Su ne muka tattara a nan. An sa musu lamba don a riƙa komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Wane gida ne ake kira mai sauƙin kuɗi?

Aljihun mai biya ne ma'auni. Ƙa'idar da masu ba da rancen gida suke bi ita ce kada abin da mutum zai riƙa biya a wata ya haura kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kashi ɗaya cikin ukunsa bai wuce 23,000 da 'yan kai ba. Rancen gida na gwamnatin tarayya, mai ruwan kashi 6 cikin 100 da za a biya cikin shekara 30, yana cin kusan naira 6,000 a wata a kan kowace miliyan ɗaya. Ke nan mai wannan albashi ba zai iya ɗaukar rancen da ya kai miliyan 4 ba. Rancen miliyan 5 sai mai samun 90,000, na miliyan 10 kuwa sai mai samun 180,000, shi ma idan shekarunsa na aiki da suka rage sun kai.

Don haka in an ce maka gidan talakawa ne, tambayi farashi, ka zauna ka yi wannan lissafi. A Zariya lamarin ya fi tsanani saboda ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da na Kwalejin Nuhu Bamalli, da asibitin koyarwa na Shika, da kwalejin koyon tukin jirgin sama, duk suna neman ɗaki a unguwanni ɗaya da 'yan gari. Mai gida a Samaru ko Palladan ya fi son ya yanka gidansa ɗaki-ɗaki ya ba ɗalibai, magidanci mai iyali sai ya matsa can baya.

2. Gina gidaje yana cikin aikin ƙaramar hukuma?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ne ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma gina gidajen sayarwa ko na haya ba ya ciki. Abin da ke ciki shi ne tituna na cikin unguwa, fitilun hanya, lambatu da magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni, tasha, mahauta, maƙabarta, gidajen gajiyayyu, raɗa wa tituna suna, ba gidaje lamba, da ƙiyasta harajin gidaje. Sai kuma hannu da take sawa a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma.

Duba wannan jeri da kyau, za ka ga rabin abin da ke mayar da ginin bulo ya zama wurin zama yana cikinsa. Babu dokar da ta hana ƙaramar hukuma gina 'yan gidaje idan majalisarta ta amince da kuɗin, amma inda ya dace a fi matsa wa ciyaman lamba shi ne hanya, kwalbati, lambatu, makaranta da asibitin sha-ka-tafi. A tuna kuma garin Zariya ƙananan hukumomi biyu ne suka raba shi: Birni, Tudun Wada, Gyallesu da Wusasa suna ƙarƙashin Zariya, Samaru, Basawa, Hanwa da Muciya suna ƙarƙashin Sabon Gari, Shika kuwa ta Giwa ce. Mutane da yawa suna kai takarda sakatariyar da ba ta da hurumi a kan filin.

3. Daga ina ƙaramar hukuma take samun kuɗi?

Mafi tsoka shi ne kason wata-wata daga asusun tarayya. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. A harajin kayayyaki na VAT kuwa ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Doka ta kuma ɗora wa kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na harajin da ta tara a cikin gida. Na ƙarshe shi ne kuɗin rumfunan kasuwa, tasha, lasisi da makamantansu, wanda a jihar Kaduna hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ke da alhakin karɓa.

Kafin a kai ga maganar gini, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da fansho, da kason masarauta sun riga sun kwashe mafi yawa. Abin da ya rage shi ake rabawa tsakanin mazaɓu. Shi ya sa alƙawarin gidaje ɗaruruwa daga aljihun ƙaramar hukuma ita kaɗai ya cancanci tambaya ɗaya: a wane layi na kasafin kuɗi yake? (Duba amsa ta 8.)

4. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 bai ba su kuɗinsu kai tsaye ba?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maimakon ya ratsa ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, ta kuma haramta mulkin kantomomin riƙo. Aiwatarwa ta yi jan ƙafa, kuma hukuncin bai ƙara ko kwabo a kason ba, bai kuma rage nauyin albashi ba. Amfaninsa ga mai bin diddigi shi ne ya rage wa shugabanni mafakar nan ta “kuɗin yana sama”. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu a rabon wata-wata, sai a riƙe wannan adadi a hannu ranar da za a je ganawa.

5. To su wa suke zuba kuɗin gidajen da muke gani?

Galibi ɗaya daga cikin waɗannan: Ma'aikatar Gidaje ta Tarayya, Hukumar Gidaje ta Tarayya da aka kafa a 1973, bankin ba da rancen gidaje na tarayya wato FMBN, kamfanin Family Homes Funds, gwamnatin jiha ta hannun ma'aikatar gidaje ko kamfaninta na kadarori KSDPC, ko ɗan kasuwa mai gina gidaje da ya shiga yarjejeniya da gwamnati. Akwai kuma ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata da suke sayen gona su yanka wa membobinsu fuloti, su cire kuɗin daga albashi.

A irin yarjejeniyar da aka fi yi, gwamnati ta kawo fili da hanya, ɗan kasuwa ya kawo kuɗin gini, banki ya ba masu saye rance. Gudummawar gwamnati dukiyar jama'a ce ko da ba tsabar kuɗi aka ƙirga ba, don haka dole ta bayyana a farashi. Idan an ba kamfani hekta goma kyauta amma ya sayar da gida daidai da farashin kasuwa, tallafin ya tsaya a aljihunsa. Abin da za a nema a takardar yarjejeniya: gida nawa aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi, a kan nawa, wa zai zaɓe su, da abin da zai faru da filin idan wa'adi ya cika ba a gina ba.

6. Wa ke da ikon ba da filin? Hakimi, ciyaman ko gwamna?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne kaɗai ke ba da shi. Ƙaramar hukuma tana da hurumi a kan filayen karkara, inda za ta iya ba da haƙƙin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba tare da neman izinin gwamna ba. A jihar Kaduna rajistar filaye da fitar da takardar mallaka sun koma hannun hukumar KADGIS, wadda aka kafa da dokar 2015, izinin gini da tsarin gari kuwa suna hannun hukumar KASUPDA.

Mai unguwa, dagaci da hakimi shaidu ne masu muhimmanci. Su suka san gonar wane ce, iyakarta ina, ko akwai rigimar gado a kanta. Amma takardar ciniki mai hatimin dagaci ba ta isa banki ya karɓi gida jingina ba. Rukunin gidajen da aka gina a kan filin da ba shi da takardar gwamna, masu sayensa ba za su sami rancen da aka bayyana a amsa ta 14 ba. Kafin ka biya ko kuɗin fom, nemi lambar fayil ɗin filin ka je a bincika maka, ka kuma ga taswirar yanka fuloti da aka amince da ita, mai nuna faɗin tituna da filin makaranta da masallaci da maƙabarta.

7. Gonarmu ta gado ta faɗa cikin filin aikin. Mene ne haƙƙinmu?

Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma sai da rubutacciyar sanarwa da aka miƙa wa mai filin. Sashe na 29 ya tanadi diyya a kan abin da aka kafa a kan ƙasar: gini, rijiya, shuka da itatuwa masu amfani. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta da farashin dillalai, kuma a nan ne yawancin ɓacin rai yake tasowa.

Ranar ƙidaya ita ce ranar da ake cin riba ko asara. Ku kasance a gonar da kanku. A ƙirga kowane mangwaro, ɗorawa, kaɗanya, kuka da gwaiba a gabanku, a rubuta babba ne ko ƙarami, ku ɗauki hoto, ku karɓi kwafin takardar ƙidaya. Magada su zauna tun kafin ranar su fitar da wakili a rubuce, don kada cek ya fito da sunan babban wa shi kaɗai zumunci ya lalace. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a cike adadi ba. Kuna iya ɗaukar ƙwararren mai ƙiyasta kadara ya tsaya muku, kuna kuma iya neman a ba ku wasu fulotai cikin sabon tsarin, a rubuta lambobinsu. Idan kuwa aka karɓa da sunan jama'a sannan aka miƙa wa wani mutum don amfanin kansa, kotuna sun sha soke irin wannan.

8. Ta yaya aiki yake shiga kasafin kuɗi, kuma ina jama'a suke sa baki?

Jihar Kaduna tana da tsarin da al'ummomi suke rubuta buƙatunsu bisa fifiko, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, kafin a tsara kasafin shekara. Sashen tsare-tsare ya haɗa daftari, ɓangaren zartarwa ya miƙa wa majalisar kansiloli, su tattauna su amince. Wanda ya zo da buƙata bayan an amince, ya makara da shekara guda.

Idan kun sami kwafin kasafin, ku nemi layin aikin, ku duba ko an faɗi wuri da adadi. Layin da aka rubuta “samar da gidaje a faɗin ƙaramar hukuma” ba tare da unguwa ko yawan gidaje ba, babu yadda za a yi a gane an yi ko ba a yi ba. Ku kuma bambance abin da aka ware da abin da aka saki. Kasafi niyya ce kawai. Rahoton aiwatar da kasafi shi ke nuna kuɗin da ya fita.

9. Wace hanya kwangilar gini ya kamata ta bi?

Da farko zane, da takardar ƙididdigar kayan aiki wadda ta faɗi bulo nawa, siminti nawa, rodi nawa, kwano nawa. Sai talla a fili, kamfanoni su kawo tayi a rufe, a buɗe a gaban kowa a ranar da aka sanar, a tantance rajistar kamfani da shaidar biyan haraji da ayyukan da ya taɓa yi. Jihar Kaduna tana da dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2016, da hukumar KADPPA mai kula da ita.

Bayan sa hannu ana iya ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, amma sai ya kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, don in ya gudu a sami inda za a kama. Sauran biya mataki-mataki ne, kowane sai injiniya ko mai ƙididdiga ya auna aikin ya sa hannu. Bisa al'ada ana riƙe kashi 5 cikin 100 har a wuce lokacin gyaran kurakurai, mafi yawa wata shida bayan miƙa aiki. A garinmu ya kamata wannan wa'adi ya ratsa damina guda, don rufin da bai ga ruwan Agusta ba ba a san halinsa ba.

Dabarun da aka saba gani: yayyanka babban aiki ƙanana-ƙanana don a kauce wa talla, kamfanoni uku masu tayi alhali mai su ɗaya ne, da biyan kashi 70 a kan aikin da bai wuce linta ba.

10. Su wa doka ta ɗora wa sa ido?

A cikin gida akwai kansiloli, da mai binciken kuɗi na sakatariya, da sashen ayyuka. A jiha akwai ma'aikatar ƙananan hukumomi, da Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi wanda rahotonsa na shekara yake zuwa gaban kwamitin asusun jama'a na Majalisar Dokoki. A tarayya akwai ICPC da EFCC, sai hukumar NFIU mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, wadda a Yunin 2019 ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana. Don haka ɗan kwangilar da aka ce an biya shi miliyoyi a hannu, a nan ma akwai magana.

Sai dai duk waɗannan yawanci bayan an gama suke zuwa, takarda suke dubawa. Abin da aka binne cikin fandisho ko aka rufe da filasta, mutanen unguwa ne kaɗai suke ganinsa a lokacin da ake iya gyarawa.

11. Mu ba injiniyoyi ba ne. Me za mu duba a wurin aiki?

Ku kafa kwamiti ƙarami, ku sa birkila da kafinta na unguwa a ciki, in da hali ku roƙi wani daga sashen gine-gine ko na ƙididdiga na jami'a ya riƙa raka ku. Ku sanar da sashen ayyuka a rubuce kafin ku fara zuwa. Allon aiki shi ne farko: sunan aikin, mai ba da kuɗi, ɗan kwangila, mai duba aiki, wa'adi.

Sai bulo. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma bulo mai inci tara na kirki bai kamata ya wuce 30 zuwa 35 a buhu ba. Masu son riba suna ja har 50 da ɗoriya. Ka kankare shi da ƙusa, in yashi ya zubo kamar gari, ko ka sake shi daga daidai ƙirji ya tarwatse, a mayar da shi. Bango yana cin bulo kusan 10 a kowace murabba'in mita, da wannan za ku iya gwada adadin da aka rubuta. Kankaren ginshiƙi da linta na irin waɗannan gidaje awonsa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma sai an yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. Da hunturu iska tana shanye ruwan da wuri, kankaren da aka zuba a Janairu aka bar shi ba ban-ruwa zai tsattsage. Rodi a auna kaurinsa, don ana sayar da siriri da sunan mai milimita 12. A ga ledar hana danshi kafin a zuba daɓe. Tsayin daɓen ya ɗara titi, musamman a filayen da suka gangara wajen Kubanni ko Galma, inda ƙasar fadama take buƙatar fandisho dabam da na tudu.

Rufi ya fi komai ba da kunya. A shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora, a ɗaure shi da ƙarfe a jikin linta, don guguwar farkon damina ba ta raga wa kwanon da aka kafa da ƙusa kawai. Sokawe ya yi nesa da rijiya ko burtsatse da kamar mita 30, ya kuma kasance ta gangare. Duk ziyara a ɗauki hoto mai kwanan wata, a rubuta abin da aka gani a littafi ɗaya, mutum biyu su sa hannu. Kada ku tsayar da aiki da ƙarfi ko ku yi cacar baki da leburori, ba su suka rage siminti ba. Ku kai rahoto inda aka faɗa a amsa ta 16.

12. Me ya sa ake watsar da aiki, ko a gama gidaje su zauna ba kowa?

Watsarwa tana zuwa ne daga fara aiki da kuɗin rubu'insa, da tashin farashin siminti da rodi bayan an sa hannu, da rigimar diyya da ba a kashe ba, da sauyin shugabanci inda sabon ciyaman ba ya son ƙarasa abin da wani zai ci sunansa. Gina gida 20 a gama ya fi a kafa fandisho 100.

Zama ba kowa kuwa tsohon ciwo ne. Shirin gidaje na zamanin Shugaba Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ya ƙudurta gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, kuma da yawa cikin waɗanda aka gina an kai su bayan gari ne inda ba ruwa ba hanya, suka daɗe ba mai shiga. Har gobe dalilan ba su canza ba: nisa, ruwa, wuta, tsaro. Ƙasar Zariya dutse ne a ƙarƙashi, ba ko'ina burtsatse yake ba da ruwa mai yawa ba, don haka a yi gwajin ruwa kafin a zaɓi fili. A san wa zai sayi taransifoma. A lissafa kuɗin Keke Napep daga can zuwa PZ ko Ƙofar Doka kullum, don ragin da aka samu a haya yana iya ƙarewa a hanya. Akwai kuma zane: gidan da ba tsakar gida, ba inda mata za su yi girki da shanya cikin sutura, ba wajen karɓar baƙi maza, iyalinmu ba sa sakewa a ciki, sai ka ga an fara rushe-rushe da ƙare-ƙare tun shekarar farko.

13. Yaya ya kamata a raba gidajen?

A nan ne yawancin ayyuka masu kyau suke lalacewa. A bayyana sharuɗɗa tun kafin a sayar da fom: iyakar samu, zama a yankin, rashin mallakar wani gida, gida ɗaya ga iyali ɗaya, tare da lambar NIN don kada mutum ya shigo da sunaye biyar. A biya kuɗin fom ta banki, a karɓi rasit. A liƙa sunayen waɗanda suka cancanta a sakatariya da ofisoshin hakimai na tsawon mako biyu ko fiye don a yi ƙorafi. In masu nema sun fi gidaje yawa, a jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Idan za a ware kaso ga zawarawa masu marayu, naƙasassu ko malaman firamare, a faɗi adadin tun farko.

A kuma sa sharaɗin hana sayarwa ko ba da haya na wasu shekaru, a riƙa zagayawa ana dubawa. In ba haka ba takardun rabo za su koma hannun dillalai kafin fenti ya bushe. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka a jeri, ko dai damfara ce ko kuma jerin ne ya ruɓe.

14. Ta yaya ma'aikaci zai sami rancen sayen gidan?

Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, an kafa shi da dokar 1992, FMBN ke riƙe da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi duk wata, mai sana'ar kansa ma yana iya yin rajista ya riƙa zubawa. Bayan wata 6 ana zubi mutum ya cancanci nema, ta hannun bankin jinginar gidaje mai lasisi. Za a nemi takardar albashi, shaidar zubi, takardar tayin gidan, takardar mallakar filin da rahoton ƙimar gidan. Abu na farko da za ka yi shi ne tabbatar da cewa abin da ake cirewa a albashinka yana isa asusun da lambarka, don ana cirewa a wasu wuraren ba a turawa. Wanda bai ci rance ba ana mayar masa da zubinsa idan ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki.

Ga masu gudun kuɗin ruwa, kuma suna da yawa a nan, bankin FMBN yana da tsarin haya har zuwa mallaka, ciki har da wanda ba ruwa a cikinsa. A tambaya da sunansa, a karanta yarjejeniyar, a nuna wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta ƙasa ta yarda mai asusun fansho da ya yi wata 60 yana zubi ya ciri har kashi 25 cikin 100 don biyan kason farko na gida. A yi tunani kafin a taɓa shi, don abin da za a karɓa bayan ritaya zai ragu.

15. Wanne ya fi: a gina gidaje, ko a yanka fili a kai masa hanya da ruwa?

Ga aljihun ƙaramar hukuma, na biyu. Mutanenmu sun iya gini sannu-sannu: katanga da ɗaki biyu bana, sauran baɗi. Abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba shi ne titi mai faɗi, lambatu, kwalbati, layin ruwa da takarda mai inganci. Kuɗin da zai gina gidaje kaɗan zai iya shirya fulotai masu yawa. Unguwannin da suka tashi ba tsari a gefen gari, inda motar kashe gobara ba ta iya shiga lungu, gyaransu daga baya ya ninka tsada, don sai an rusa an biya diyya. Sharaɗi dai a hana masu kuɗi saye su ajiye: wanda bai fara gini cikin wa'adi ba a karɓe a ba na gaba a jeri.

Bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a sa masa siminti kaɗan, yana rage kuɗi da zafin ɗaki. Garin da ke da Masallacin Juma'a ginin ƙasa tun ƙarni na 19 ba ya buƙatar a koya masa darajar ginin ƙasa. Irin wannan gini dai yana son fandisho mai tsayi da rufi mai baki, don kada ruwa ya riƙa dukan bango.

16. Mun ga ba daidai ba. Ina za mu kai ƙara?

Ku fara da takarda zuwa ga ciyaman, kwafi ga kansilan mazaɓa da shugaban sashen ayyuka, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ku rubuta abin da kuka gani da rana da hoto, ban da zagi, ban da zargin da ba ku da hujjarsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman kwafin kwangila, takardar ƙididdiga da shaidar biya, hukuma kuma tana da kwana 7 ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Ku faɗi takardar da kuke so da sunanta, don buƙatar “duk bayanan aikin” tana da sauƙin kaucewa.

In shiru ya yi yawa, sai ma'aikatar ƙananan hukumomi, KADPPA idan batun kwangila ne, KASUPDA idan gini ne ba bisa ƙa'ida ba, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a idan zalunci ne a rabo, ICPC ko EFCC idan kuɗi ne suka yi ɓatan dabo. Aikin da tarayya ko jiha ta ba da kuɗinsa, can za a nufa, ciyaman ba shi da ikon tsayar da biyan ɗan kwangilar da ba shi ya ɗauka ba (amsa ta 5).

17. Bayan an shiga, wa zai kula da unguwar?

Cikin gida na mai gida ne. Tituna, lambatu da shara sai an miƙa su ga hukuma a rubuce, in ba haka ba kamfani zai ce ya gama, sakatariya ta ce ba a ba ta ba. Ku nemi takardar miƙawa, da taswirar inda bututu da wayoyi suka bi. Ƙungiyar mazauna ta yi rajista, ta buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, ta tsayar da kuɗin wata don famfon burtsatse da mai gadi, ta sa ranar yashe lambatu a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka. Filin da taswira ta ware wa makaranta ko asibiti a kewaye shi, ko da da turaku da waya ne, a kafa allo, a aika wa KASUPDA da KADGIS lambarsa tun ba a wayi gari an ga wani ya sauke tifar yashi a kai ba.